DARASI NA GOMA SHA ƊAYA: RAGE ƘARAR FANKAR KWAMFUTA DA KUƊI KAƊAN

1.0 GABATARWA

A darasin da ya gabata an yi bayani a kan rubutun bayani da sigoginsa, inda aka nuna cewa shi irin wannan rubutu yana buƙatar marubuci ya san abin da yake magana a kai, ya kuma jera bayaninsa daki-daki. A wannan darasi za a ɗauki batu guda daga fagen fasahar zamani a yi masa cikakken bayani da Hausa, domin ɗalibi ya ƙaru ta fuska biyu: ya san batun kansa, ya kuma ga yadda harshen yake ɗaukar sababbin al'amura.

Batun da aka zaɓa shi ne ƙarar da fankar kwamfuta take yi, da hanyoyin rage ta ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwamfuta na makaranta ya san wannan ƙara. Tana hana natsuwa, tana tilasta wa malami ɗaga murya, tana kuma ɓata sautin da mai nazarin harshe yake naɗa. Bayan wannan, sau da yawa alama ce ta cewa na'urar tana cikin wahala, kuma idan aka yi sakaci za a iya rasa ta tare da ayyukan da ke cikinta.

Jigon darasin shi ne: ƙarar fanka saƙo ce game da zafi ko lalacewa. Wanda ya rage zafin ya rage ƙarar, wanda kuwa ya toshe bakin fanka ya bar zafin, to ya jawo wa kansa hasara.

2.0 MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bayyana dalilin da ya sa ake sanya fanka a cikin kwamfuta;
(b) bambance ire-iren ƙarar fanka da abin da kowace take nunawa;
(c) jera matakan rage ƙara, daga na kyauta zuwa masu cin kuɗi kaɗan;
(d) kawo abubuwan da ya wajaba a guje wa yayin gyara;
(e) fito da hanyoyin da Hausa ta bi wajen samar da kalmomin wannan fage.

3.0 ƘUNSHIYAR DARASI

3.1 Dalilin Sanya Fanka a Cikin Kwamfuta

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Ɓangaren da ya fi haifar da zafin shi ne furosesa, wato ɗan ƙaramin guntun da ke gudanar da lissafin na'urar, sai katin hoto da akwatin wuta. Furosesar kwamfutar tebur ta yau da kullum takan fitar da zafi na kimanin wat 65, ta kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa tsakanin wat 15 zuwa 45. Wannan zafi yana fitowa ne daga wurin da bai kai faɗin akwatin ashana ba, don haka tilas a kwashe shi da sauri.

Hanyar kwashewar tana da matakai uku. Da farko ana ɗora wa furosesa wani ƙarfe mai haƙora-haƙora, na alminiyon ko na jan ƙarfe, wanda a wannan darasi za a kira shi matsotsin zafi. Na biyu, ana shafa wani mai kauri tsakanin furosesa da matsotsin, domin ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, zafi ya wuce ba tare da tangarɗa ba. Na uku, fanka tana hura iska ta tsakanin haƙoran matsotsin, iskar ta ɗauki zafin ta fita da shi waje.

A cikin furosesa akwai ma'aunin zafi. Idan zafi ya ƙaru, sai kwamfuta ta umarci fanka ta ƙara gudu, idan ya ragu ta sassauta. Yawancin furosesoshi idan suka kusanci digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas sukan rage wa kansu sauri, in abin ya ci tura su kashe na'urar gaba ɗaya. Ke nan fankar da ke ta ihu tana iyakar ƙoƙarinta ne ta hana a kai ga wannan matsayi.

Akwai wani abu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Saboda haka ba za ta taɓa sanyaya na'ura ƙasa da zafin ɗakin da take ciki ba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, fanka tana aiki ne da iskar da ta riga ta yi zafi, dole ta ƙara gudu kafin ta biya buƙata. A lokacin hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska takan yi sanyi amma ta cika da ƙura. Wato dai kwamfutar da ke ƙasar Hausa tana fama da zafi a wani ɓangare na shekara, tana fama da ƙura a wani ɓangaren.

3.2 Yadda Ake Auna Ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, wanda aka samo sunansa daga Alexander Graham Bell. Raɗa takan kai kimanin desibel 30, hira ta yau da kullum kuwa kimanin desibel 60. Sai dai lissafin desibel ya saɓa wa lissafin kamu ko na mudu. Ƙarin desibel 10 kunne kan ji shi kamar an ninka ƙarar sau biyu. Haka kuma idan fanka biyu masu ƙara iri ɗaya suka haɗu, desibel 3 kawai ake samu ƙari a kan na guda ɗaya, idan kuwa goma ne suka haɗu, ƙarin ya zama desibel 10.

Wannan lissafi yana da muhimmanci ga malamin makaranta. A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin aji, wadda ba ta darasi ba, ta wuce desibel 35 a lokacin koyarwa. A ɗauka akwai kwamfuta ɗaya da ƙararta ke isa kunnen ɗalibi a kan desibel 30. Wannan ba laifi. Amma idan irinta goma ne a ɗakin, kowace tana isa kunnensa da wannan ƙarfi, jimillar ta zama desibel 40, an tsallake iyaka ke nan.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne alaƙar gudu da ƙara. Ana ƙidaya gudun fanka da yawan juyin da take yi a minti ɗaya. Idan aka rage gudun da rabi, misali daga juyi 2,000 zuwa 1,000, iskar da take turawa za ta ragu da rabi, amma ƙarar za ta faɗi da kimanin desibel 15, wato kunne zai ji ta ƙasa da rabin yadda take a da. Wannan shi ne ginshiƙin dukkan dabarun da za a kawo a gaba: a yi duk abin da zai ba fanka damar yin aikinta da ƙaramin gudu.

3.3 Ire-iren Ƙara da Ma'anarsu

Matakin farko na gyara shi ne sauraro. A nan harshen Hausa yana da makami mai kyau, wato kalmomin amsa-kama, waɗanda suke kwaikwayon sautin da kunne ya ji. Mai kwamfutar da ya iya faɗin irin ƙarar da yake ji ya rage wa mai gyara rabin aiki. Ana iya karkasa ƙarar gida biyar:

(i) Hucin iska. Wannan ita ce ƙarar da ke fita fuuu ko shuuu ba yankewa. Fankar lafiyarta ƙalau, gudu ne ya yi mata yawa saboda zafi. Sanadin kan zama ƙura, ko toshewar mafitar iska, ko nauyin aiki.

(ii) Gurnani. Idan ana jin ƙir-ƙir-ƙir ko gurrr, musamman da zarar an kunna na'urar da sanyin safiya, to matsalar tana wurin da sandar fanka take juyawa. Ko dai man wurin ya bushe, ko wurin ya cinye.

(iii) Bugu. Ƙas-ƙas-ƙas mai tafiya daidai da juyin fanka yana nuna cewa fiffike yana taɓa wani abu, galibi waya ce ta sako, ko wani tarkace ya faɗa ciki.

(iv) Diri. Idan akwatin kwamfutar ne gaba ɗaya yake karkarwa, ana jin gir-gir har a jikin tebur, to motsin fanka ne yake ratsa ƙarfe. Alamarsa ita ce idan aka dafa akwatin da tafin hannu sai ƙarar ta ragu.

(v) Hawa da sauka. Fanka ta taso wuuu, ta lafa, ta sake tasowa. Wannan yana nuna cewa saitin gudunta yana saurin amsa kowane ɗan canjin zafi.

Ba kowace ƙara ce ta fanka ba. Tsohon faifan ajiya, mai juyi 5,400 ko 7,200 a minti, shi ma yana da nasa kukan. Idan aka ji shi yana ƙwas-ƙwas a kai a kai, to kada a tsaya neman maganin ƙara, a gaggauta kwafe ayyukan da ke cikinsa zuwa wani wuri, domin yana iya mutuwa a kowane lokaci.

3.4 Matakan da Ba Sa Cin Ko Kwabo

Hikima ita ce a fara da abin da ba ya buƙatar kuɗi. Ga matakan bi da bi:

Mataki na ɗaya: gyara mazauni. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana shaƙar iska ne ta ƙasa ko ta gefe. Idan aka ɗora ta a kan katifa ko matashi ko darduma, an toshe mata hanci. A ɗora ta a kan abu mai tauri kamar tebur ko faifan katako, a kuma ɗan ɗaga bayanta da littafi ko marafan kwalba guda biyu, domin iska ta sami hanya. Ita kuwa ta tebur, a raba bayanta da bango da kimanin santimita 10 zuwa 15, kada a kulle ta a cikin durowa, kada a bar ta inda rana ke bugu, kada kuma a ajiye ta a ƙasa, inda ƙura ta fi yawa. Yadin da ake rufe kwamfuta da shi yana da amfani idan tana kashe, amma a cire shi gaba ɗaya kafin a kunna.

Mataki na biyu: rage nauyin aiki. Sau da yawa wata manhaja ce take cin ƙarfin furosesa a ɓoye. A kwamfuta mai Windows, idan aka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, za a ga jerin manhajojin da ke aiki da kason da kowace take ci. A rufe waɗanda ba a buƙata, a hana marasa amfani tashi tare da na'urar, a rage yawan shafukan intanet da aka bari a buɗe. Idan aka ga furosesa tana aiki tuƙuru alhali ba a ba ta wani aiki ba, a bincika ko bairos ne ya shiga. Haka kuma sauya tsarin wuta daga na cikakken ƙarfi zuwa na matsakaici yana rage zafi sosai, kuma mai buga rubutu ba zai ga wani bambanci a saurin aikinsa ba.

Mataki na uku: share ƙura. Wannan shi ne matakin da ya fi kowane tasiri a wurinmu. Ƙura takan taru a tsakanin haƙoran matsotsin zafi ta zama kamar bargo, iska ta kasa wucewa. Yadda ake yi shi ne:

(a) a kashe kwamfutar, a zare wayar wuta, a cire batir idan mai ciruwa ne;
(b) a fita da ita waje, a buɗe murfin gefe da sukudireba;
(c) a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai a ciki, domin a sauke ɗan lantarkin da kan taru a jikin mutum, wanda ya fi yawa a lokacin hunturu saboda bushewar iska;
(d) a riƙe fukafukan fanka da yatsa ko tsinke kada su juya;
(e) a karkaɗe ƙura da busasshen burushi mai laushi, a hure ta da abin hura iska na hannu ko famfon keke.

Dalilin riƙe fukafukai shi ne iska mai ƙarfi tana iya juya fanka fiye da kima ta lalata ta. Kada a hura da baki, domin yawu yana iya faɗawa kan sassan lantarki. Ya dace a yi wannan shara aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki a ƙarshen hunturu, kafin zafin bazara ya kankama. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Mataki na huɗu: ɗaure wayoyi da noti. Tun da an riga an buɗe akwatin, a duba ko akwai wayar da ke taɓa fiffike, a janye ta a ɗaure. A ƙara ɗaure duk notin da ya saki. Wannan kaɗai yakan kawar da bugu da wani sashe na diri.

Mataki na biyar: daidaita gudun fanka. A yawancin kwamfutocin tebur, idan aka danna Del ko F2 a daidai lokacin kunnawa, za a shiga shafin saiti na asali da ake kira BIOS. A can akwai wurin zaɓar tsarin gudun fanka, ko dai a ɗauki tsarin shiru da aka riga aka tanada, ko mutum ya tsara nasa. Alal misali, yana iya cewa fanka ta yi kashi 35 cikin ɗari na gudunta matuƙar zafi bai kai digiri 50 ba, ta hau zuwa kashi 65 a digiri 70, ta saki gudunta duka daga digiri 80. Idan akwai wurin jinkirta amsawa da 'yan daƙiƙoƙi, to shi ne maganin ƙarar hawa da sauka. Akwai kuma manhajojin kyauta, irin su HWMonitor mai nuna zafi, da Fan Control mai sarrafa gudu. Sharaɗi dai shi ne, duk wanda ya rage gudun fanka wajibi ne ya sa ido a kan ma'aunin zafi na 'yan kwanaki, musamman lokacin aiki mai nauyi.

3.5 Matakan da Ke Buƙatar Kuɗi Kaɗan

Idan an bi matakan da suka gabata ƙarar ba ta lafa ba, sai a matsa zuwa waɗannan:

(i) Ɗiga mai. Fankoki masu araha sandarsu tana juyawa ne a cikin bushin mai riƙe da ɗan mai, wanda yakan bushe da daɗewa, zafi kuma yana gaggauta bushewarsa. A bayan fankar akwai takarda mai manne. Idan aka ɗaga ta, a wasu fankokin har da ɗan murfin roba, za a ga kan sandar. A ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, a juya fukafukan da yatsa, a goge abin da ya malalo, a mayar da murfi. Kada a yi amfani da man gyaɗa ko manja, domin suna daskarewa su yi danƙo. Wannan dabara tana ƙara wa fanka kwana ne kawai. Idan bushin ya riga ya cinye har fukafukai suna lilo, sai sauyi.

(ii) Sabunta man isar da zafi. Man da ke tsakanin furosesa da matsotsi yakan bushe ya tsattsage bayan 'yan shekaru. A cire matsotsin a hankali, a goge tsohon man da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit, a bari ya bushe, a ɗiga sabo kamar girman ƙwayar wake a tsakiyar furosesa, a mayar da matsotsin a ɗaure notinsa kusurwa da kusurwa. Yawan man ba ya ƙara amfani. Ƙaramin bututu ɗaya yana isar kwamfutoci da dama, don haka ɗalibai ko malamai suna iya haɗa kuɗi su saya tare.

(iii) Sanya roba. Domin maganin diri, a sa 'yan guntayen roba tsakanin fanka da jikin akwati, da kuma ƙarƙashin ƙafafun akwatin. Tsohuwar tiyub ɗin keke da aka yayyanka tana biyan wannan buƙata.

(iv) Sanya matacin ƙura. Ana iya ɗaura ƙyallen gidan sauro ko wani yadi mai raga a mashigar iska, kada a sa a mafita. Amma matacin da ba a wankewa ya fi rashinsa illa, domin shi kansa yakan zama toshiya.

(v) Rage wuta. Fankar kwamfutar tebur da bolt 12 take aiki. Akwai 'yar gajeriyar waya mai rizista da ake saƙalawa tsakanin fanka da mazauninta, wadda ke rage wutar zuwa kimanin bolt 7 ko 9, gudu ya ragu. Bayan an sa ta a tabbatar fankar tana tashi da kanta idan an kunna na'ura, domin wasu fankokin ba sa iya tashi da ƙaramar wuta.

3.6 Sauya Fanka

Idan ya zama dole a sayi sabuwa, akwai abubuwa uku da za a duba.

Na farko, girma. Fankokin kwamfutar tebur sun fi zuwa a milimita 80, 92, 120 da 140. Faɗin fuskar mai milimita 120 ya ninka na mai milimita 80 sau biyu da kwata, saboda haka tana tura iska daidai da ta ƙaramar alhali tana juyi a hankali. Muddin akwati yana da gurbinta, babba ta fi.

Na biyu, abin da sandar ke juyawa a ciki. Mai bushin ta fi araha amma ba ta jure zafi. Mai boris ta fi ƙarko, ko da yake tana da ɗan kuka. Akwai kuma wadda sandarta ke yawo a cikin rufaffen mai, ita ce ta haɗa shiru da ƙarko, kuɗinta ya ɗan ɗara.

Na uku, yawan ƙafafun fulogi. Mai ƙafa uku ana sarrafa gudunta ne ta hanyar rage wuta. Mai ƙafa huɗu, wadda ta yaɗu tare da furosesoshin kamfanin Intel daga shekarar 2004, ƙafa ta huɗun tana karɓar umarnin gudu kai tsaye, don haka tana iya sauka ƙasa sosai ba tare da ta tsaya ba.

Wajen ɗaurawa a lura da 'yar kibiyar da kan kasance a gefen fanka, mai nuna inda iska ta nufa. Tsarin da aka saba shi ne iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya da sama. Fankar da aka juya baibai takan mayar da zafi ciki, sauran fankoki su ƙara ihu. Ita kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka, kowane samfuri da irin fankarsa, sai a tafi da lambar samfurin wurin mai sayarwa.

Idan lokacin sauya na'ura ya yi, yana da kyau a san cewa ma'ajiyar zamani da ake kira SSD ba ta da wani sashe mai motsi, don haka ba ta ƙara, kuma akwai kwamfutocin da ba su da fanka ko ɗaya, kamar MacBook Air da kamfanin Apple ya fitar a ƙarshen shekarar 2020. Sai dai wannan ya wuce batun kuɗi kaɗan.

3.7 Abubuwan da Za a Guje Wa

(a) Kada a cire wayar fanka ko a tokare ta da tsinke don a huta da ƙara. Garin neman gira ke nan a rasa ido.
(b) Kada a buɗe akwatin wuta. A cikinsa akwai sassan da ke riƙe lantarki mai haɗari ko bayan an zare waya. Idan fankarsa ce ke ƙara, a kai wa ƙwararre ko a sauya akwatin.
(c) Kada a cusa soso ko tsumma a mashiga ko mafitar iska da nufin danne ƙara.
(d) Kada a kusantar da ruwa ko jiƙaƙƙen ƙyalle ga sassan lantarki.
(e) Kada a buɗe na'urar da garantinta bai ƙare ba, ko wadda take mallakar makaranta, sai da izini.

3.8 Nazarin Kalmomi

Idan aka koma kan bayanan da suka gabata, za a ga cewa an bi hanyoyi huɗu wajen samar da kalmomin wannan fage:

(i) Aro. Kalmomi irin su kwamfuta, furosesa, batir, boris, burushi da desibel an aro su ne daga Ingilishi, aka daidaita su da tsarin sautin Hausa. A lura da yadda aka saƙa wasali tsakanin baƙaƙe biyu a farkon furosesa da burushi, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da cunkoson baƙaƙe. A lura kuma da yadda sautin /p/ ya koma /f/ a kwamfuta da furosesa. Ita kanta kalmar fanka ta bi wannan hanya, asalinta daga harshen Hindi ne, ta shigo Hausa ta hannun Turawan Ingila.

(ii) Faɗaɗa ma'ana. Fiffike na tsuntsu ne, haƙori da ƙafa na mutum ko dabba ne, amma an faɗaɗa su suka shafi sassan na'ura saboda kamanci.

(iii) Ƙirƙira. An gina matsotsi daga aikatau tsotsa, da mataci daga tace, ta hanyar ɗafa ma- a farko da -i a ƙarshe, kamar yadda aka sami mabuɗi daga buɗe.

(iv) Harɗantawa da siffantawa. Misalansu su ne tafi-da-gidanka, akwatin wuta, katin hoto da man isar da zafi.

Haka kuma an ga yadda aka yi amfani da sigar umarni ta boye mai aiki, wato a kashe, a zare, a riƙe, wadda ita ce ta fi dacewa da rubutun da ke koyar da yadda ake aiwatar da wani abu.

4.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan darasi cewa fanka tana ƙara ne saboda ɗayan abubuwa biyu: ko zafi ya tilasta mata gudu, ko wani sashe nata ya sami matsala. An kuma nuna cewa ɗan ragin gudu yana kawo babban ragin ƙara, don haka duk matakin da ya sauƙaƙa wa iska hanya riba ne. Tsarin da ya dace a bi shi ne a saurara, a gyara mazauni, a rage nauyin aiki, a share ƙura, a daidaita gudu, sannan a yi tunanin sayen wani abu. Malamin da aka damƙa wa ɗakin kwamfuta yana iya tsawaita rayuwar na'urorin da burushi da sukudireba da jadawalin shara, kafin ya kai ga rubuta takardar neman kuɗi.

5.0 JINGA

1. Yi bayanin matakai uku da zafi yake bi daga furosesa zuwa wajen kwamfuta.
2. Me ya sa fanka ta fi ƙara a lokacin bazara? Wace matsala kuma hunturu yake kawowa?
3. Idan ƙarar kwamfuta ɗaya desibel 28 ce, nawa za a samu idan irinta biyu suka haɗu? Idan goma ne fa?
4. Kawo ire-iren ƙara guda biyar da aka ambata, da sanadin kowace. Ƙara da wasu kalmomin amsa-kama na karin harshenka da za su iya maye gurbin waɗanda aka kawo.
5. Fito da kalmomin aro guda biyar daga darasin waɗanda ba a ambata a 3.8 ba, ka bayyana sauye-sauyen sautin da suka same su.
6. Rubuta insha'i na bayani, wanda bai gaza kalmomi 400 ba, a kan yadda ake kula da fankar ɗaki ko injin ba da wuta, kana mai bin tsarin da aka bi a wannan darasi.